Kifin Lau a Jakar Goyona

Kwanakin baya na ɗaga jakar autana da hannu ɗaya, sai na ji kamar an yi mini wasa, ba nauyi ko kaɗan. Ya jingine ta a bakin ƙofar falo yana jiran ranar tafiya, wai wannan karon Kamaru ya nufa, daga can ya gangara bakin teku. Na tambaye shi me ke ciki, ya ce riguna kaɗan, kwamfuta, caja da maganin sauro. Na ce saƙon wa ka ɗauka? Ya dube ni irin duban da yara suke yi mana yanzu, da ladabi amma da ɗan tausayi a ciki, ya ce, "Baba, saƙo kuma? Ai ba mai ɗaukar wa wani kaya yanzu." Tun ranar raina yake a dagule. Ina jin ba da shi nake fushi ba. Da wa nake yi, har yanzu ban tabbata ba.

Ni ma na taɓa goya irin wannan jaka. Waɗanda suka san ni a ofis ba za su yarda ba, tun da sun san ko ruwan sha aka miƙo mini sai na leƙa cikin kofin, amma na yi. Lokacin na gama jami'a, na gama bautar ƙasa a wani gari da ko rafin kirki babu, na dawo gida ina zaman jiran aiki. Jalingo ba ta zama abin da ta zama yau ba. In ka tsaya ƙofar gidanmu a Barade da safe, abin da za ka ji sai amon turmi daga wannan gida zuwa wancan, da muryar masu tallan nono suna gaisawa da Fillanci, da mata 'yan Mumuye suna wucewa da doya a kafaɗa suna hira da ƙarfi, sai can da hantsi mota guda ta wuce kowa ya san ko ta wa ce. Digirina a kan labarin ƙasa ne. Na zana teku a takarda, na amsa tambayoyi a kansa a jarrabawa, na ci, amma ruwa mafi girma da idona ya taɓa gani shi ne Binuwai a Lau in ya cika da damina. Ina jami'a na ga wasu Turawa matasa sun sauka da manyan jakunkuna a baya, suka ce ƙasashe suke zagawa, inda yamma ta yi musu su nemi ɗaki mafi araha su kwana. Abin ya zauna mini a rai. Na ƙudurta zan haye Kamaru, in kai Ngaundare inda jirgin ƙasa yake tashi, in hau shi har Duwala, in tsoma ƙafa a ruwan gishiri, in dawo in kama aiki kamar kowa. Na sayi jakar goyo a gwanjo, koriya mai aljihuna da yawa, na yi ta shirya ta ina warwarewa.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, a wancan zamani tafiya ba ta mai tafiya ba ce shi kaɗai. Na gaya wa mahaifiyata, wadda muke kira Dada, na roƙe ta kada ta gaya wa kowa. Ta ce, "Ka fita da jaka ba saƙon kowa a ciki, in ka faɗi a hanya gidan wa za a kai ka?" Kafin la'asar unguwa ta ji.

Mama Talatu ce ta fara shigowa, kuma ita ce ta ƙarshe da ta tashi. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata. Kirista ce, tana sayar da kunu da soyayyar doya, da Kirsimeti shinkafarta takan riga ta kowa shigowa gidanmu, da Sallah kuma ni ake ba nama in kai mata. Hausarta irin ta garinmu ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Ta zauna a kan tabarmar Dada da wani ƙunshi a cinya, an naɗe shi da takardar siminti an ɗaure da igiya.

"Ɗan boko, an ce za ka Faransa."

"Kamaru dai, Mama."

"Duk ɗaya ne. Ƙanwana Asabe yana can."

Labarin Asabe ba wanda bai san shi ba a unguwa. Ta auri wani makaniki ya tafi da ita Ngaundare. Da mahaifiyarsu ta rasu ta zo jana'iza, da za ta koma sai ta ɗauke babbar tukunyar ƙarfen tsohuwar, mai ƙafa uku, ba ta tambayi yayarta ba, alhali Mama Talatu ce ta yi jinyar tsohuwar har ƙarshe. Aka bi ta har tasha da maganganun da ba sa maimaituwa, ita ma ta mayar da nata. Tun daga nan shiru, shekara da shekaru, ba gaisuwa ba aike. Ga shi Mama Talatu ta fara wani tari da ba ya jin magani.

"Kifin Lau ne," in ji ta, "ni da kaina na je na zaɓo. Shi uwarmu take dafa mana. Ka saurara da kyau, ku masu karatu ba ku jin magana. Damina ce. Duk inda ka sauka ka kwance shi ka shanya a rana, in ba haka ba zai yi fumfuna. Ka ba Asabe hannu da hannu. Kada ka ɗaga ƙafa sai ka ga ta sa a baki. In ta ci, ta huce. In ba ta ci ba, kada ka dawo mini da shi, ba na son gani."

Na tambayi adireshi. Ta ce bayan tashar jirgi ne, mijin dogo ne, kuma suna zuwa coci. Na buɗe baki in ce jakar ta cika, Dada ta yi mini wani kallo, na rufe. Na fitar da takalmi guda da littafin da na so in karanta a bakin teku, kifi ya shiga wurinsu.

Ba na so in yi wa kifin nan ƙazafi. Banda ce mai kyau, ta bushe ƙarau, a cikin miya ba abin da ya kai ta. Amma a cikin jaka, a cikin mota, da damina, wani abu ne dabam. Tun kafin mu kai Yola fasinjoji suka fara juyowa suna neman inda abin yake fitowa. Kwandasta ya ce a ɗora jakar a saman mota, na ƙi don kada ruwa ya sauko, na rungume ta a cinya har ƙafafuna suka mutu. A kan iyaka wani jandarma ya sa na kwance ƙunshin, ya shinshina, ya zaɓi kifi mafi girma ya ajiye a gefen teburinsa, ya yi mini alama da hannu in wuce. Ban iya Faransanci ba, na naɗe ƙunshin na wuce. Daga nan har Garwa tunani ɗaya nake yi: amanar da aka ba ni ta ragu, in faɗa ne ko in yi shiru, in kuma na sayi wani na cike gurbin, wannan gyara ne ko ha'inci?

A Garwa na sauka a irin masaukin da na daɗe ina mafarkinsa, wanda suke kira obaj. Ɗaki ne dogo da gadaje a jere, fanka tana kuka kamar za ta faɗo, banɗaki ɗaya da bokiti, katifa kuma da kuɗin cizo a kowace kusurwa. Duk da haka na ji daɗi da na shiga. Ga Turawa da jakunkunansu, ga wani ɗan Sanigal mai sayar da duwatsun ado, ga ɗalibai, kowa da harshensa, ana nuna wa juna hanya a kan taswira. Na ce yau na zama matafiyi. Da gari ya waye suka haɗu za su bakin kogi kallon dorina, suka ce in zo. Na duba sama, rana ta fito tarwai, kuma ba wanda ya san ko gobe za ta fito. Sai na zagaya bayan gida inda ake shanya kaya, na shimfiɗa takardar siminti, na jera kifi. Da na ɗan matsa sai kyanwa ta taso. Da na kore ta sai inuwar shirwa ta gifta. Haka na wuni a kan wani bulo da ɗan tsinke a hannu ina korar ƙuda. Da suka dawo suna ta labarin dorina, wata Baturiya ta tsaya ta ɗauke ni hoto, ta tambaye ni ko na daɗe ina wannan sana'a. Na gaya mata da Turancin da na sha wuya a kansa cewa ina da digiri. Ta ce abin sha'awa ne, ta ƙara ɗaukar wani hoton. Wataƙila har yau ina rataye a bangon wani gida a Turai a matsayin mai kifi. In wani ya tambaye ni yadda Garwa take, gaskiyar da zan iya faɗa ita ce na san igiyar shanyarta da kyanwoyinta.

Ngaundare ta fi muni. Gari ne a kan tudu, ga sanyi, ga ruwa kusan kullum, rana sai ta leƙo ta koma. A obaj ɗin da na samu ana rufe tagogi saboda sanyi, kifi kuwa ya samu ɗaki. Wata safiya na fito daga alwala na tarar da jakata a baranda, mai gidan tana tsaye a kanta da hannu a ƙugu. Mace ce mai jiki, kowa madam yake ce mata. Ta yi mini magana da Fillanci, wanda nake ji daidai gwargwado.

"Ko kai, ko kifi. Ɗaya zai kwana a gidan nan."

"Madam, ba nawa ba ne, saƙo ne."

"To kai wa mai shi mana! Baƙina suna amai, kyanwoyin unguwa duk sun tare a kan rufina."

Ban ga laifinta ba, har yanzu ma ban gani ba. Na goya jakata na koma rumfar masallacin tashar mota, inda direbobi da 'yan kamasho suke kwana, waɗanda hancinsu ya ga abin da ya fi kifi. Da rana in shiga neman Asabe. Bayan tashar jirgi, ashe, rabin gari ne. Makanikai kuwa duk wanda na tambaya sai ya nuna mini wani da ya fi shi tsawo. Kowace yamma kuma jirgin Duwala yakan yi wani dogon kuka kafin ya tashi, kukan ya ratsa garin ya same ni duk inda nake, da jakar kifi a baya.

Ranar Lahadi dabara ta zo mini. Na bi coci-coci ina tsayawa daga waje ina saurare. Wata da Faransanci suke waƙa, wata da yaren da ban sani ba. Can a wani lungu na ji wata ƙaramar coci ta kwano ana waƙa da Hausa, ana buga tulu da kacau-kacau yadda mata suke yi a cocin unguwarmu. Na tsaya gindin mangwaro da hulata, ina jin kowa zai yi mamakin abin da ya kawo ni. Da aka tashi na gaida matan da suka fito, na ce ina neman Asabe ta Jalingo. Ban ma gama ba na gan ta. Goshin Mama Talatu ne da wushiryarta a jikin wata mace gajera.

"Kai ɗan wa?"

"Ɗan Dada, gidan da ke jikin naku a Barade."

Ta dafe ƙirji. "Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Mama."

"Ka tabbata? Kada ka ɓoye mini." Da na rantse sai ta saki numfashi, ta ƙare mini kallo. "Kai ne mai ihu in za a yi maka aski? Dube shi har da gemu! To me ya kawo ka?"

Na ce saƙo ne daga Mama Talatu, kuma tana fama da tari. Fuskarta ta rufe kamar an ja ƙyaure. Amma ta ce in biyo ta.

A duk tafiyar ban samu masauki irin gidan nan ba, kuma ba na jin autana ya taɓa samun irinsa a wayarsa. Ta fitar da babban ɗanta daga ɗakinsa ta ba ni, ta kawo bargo, ta dafa mini ruwan wanka, ta nuna mini gabas kafin in tambaya, ta ce in ci nama hankali kwance wajen mahaucin Hausawa suke saye. Ta tambayi kowa a unguwa, har akuyar Dada mai cin sabulu, ban da mutum ɗaya. Da na miƙa mata ƙunshin da hannu biyu, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ajiye can. An gaya mata nan babu kifi ne?"

Na ajiye. Sai na ga ya kamata in sauke abin da ya dame ni, na ce akwai guda ɗaya da jandarma ya ɗauke a kan iyaka, ban iya hana shi ba. Mijinta, wanda da gaske dogo ne, ya yi dariya har ya sarƙe.

"Kin ji ko? Jandarma ma ya karɓi gaisuwar yayarki kafin ke."

"Kai kuma ka ci tuwonka," in ji ta.

Na shiga wani sabon zaman jira. Ba zan iya tafiya ba, an ce sai na ga ta sa a baki. Ba zan iya matsa mata ba, ina cin abincinta. Duk safiyar da rana ta leƙo sai in kwance ƙunshin in shanya a tsakar gidanta, a gaban idonta, ita kuma ta ratsa ta gefe da tsintsiya kamar ba ta ga komai ba. Tukunyar da ake rigima a kanta tana nan a kusurwar madafi, a kife, gizo-gizo ya yi saƙa a ƙafafunta. Mijin ya raɗa mini cewa tun da ta kawo ta ko ruwa ba ta taɓa dafawa a ciki ba. Da yamma jirgi ya yi kukansa, in ji kamar ni yake kira da suna. Guzurina yana raguwa, haƙurina ma haka, kuma na fara tambayar kaina wane zunubi na yi da manyan mata biyu za su ɗaure ni da igiyar kifi a ƙasar da ba tawa ba.

Wata rana da hantsi na shanya kifin na ce bari in leƙa tasha in ji yadda ake samun tikiti. Ina can sama ta haɗe, ruwa ya ɓarke. Na fito da gudu, ina zamewa a jar laka, ina cewa shi ke nan, wahalar duk ta tashi a banza. Na faɗa gidan jiƙe sharkaf. Tsakar gida ba kifi. Hayaƙi yana fita daga madafi, ga Asabe a durƙushe tana hura wuta a ƙarƙashin tukunyar mai ƙafa uku, idanunta jawur.

"Ruwa zai lalata shi, shi ya sa," ta ce ba ta juyo ba. "Hayaƙi ne ya shiga mini ido. Kada ka je ka ce na yi kuka."

Miyar kuɓewa ta yi. Muka zauna, na zuba mata ido ba kunya har ta ɗauki tsoka ta sa a baki. Ta tauna a hankali, ta ce gishirin bandar ya yi yawa, Talatu ba ta taɓa iya zaɓen kifi ba. Sannan ta ƙara wata tsokar. Ni kuwa zuciyata ta riga ta hau jirgi.

Da safe na fito da jakata mara nauyi, mara wari, na tarar ta wanke tukunyar da toka da yashi, ta shafe ta da mai, ta naɗe da buhu, tana riƙe da igiya.

"Juya in ɗaura maka. Ka kai mata."

"Mama, ai Duwala zan je. Ki ajiye, in na dawo daga teku sai in biyo in ɗauka."

"A'a." Ta girgiza kai. "Na san kaina. In tukunyar nan ta ƙara kwana a gidan nan zuciyata za ta iya juyawa. Yau ne, ko babu. Kai ka ce tana tari. Tekun gudu zai yi?"

Na je tashar jirgi da tukunya a baya, don na ce wa kaina zan iya zuwa da ita Duwala in dawo. Na zauna a kan benci ina kallon taragwai, mutane suna tura kaya ta taga, ana jefa buhuna. Ƙarfen irin wannan tukunya in ya faɗi tsagewa yake yi, ba ya gyaruwa. In an sace ta ina barci fa? In na kai bakin teku, wa zan bar wa ita in shiga ruwa, wace madam ce za ta karɓe ni da ita? In kuma ina can ina wasa da ruwa tarin Mama Talatu ya yi abin da ake tsoro? Mai yiwuwa wani da ya fi ni ƙarfin hali da ya hau, kuma mai yiwuwa ba abin da zai faru. Na sha juya wannan a raina. Ni dai da jirgin ya yi kuka na tashi na nufi tashar mota, ina cewa teku yana nan, baɗi ma rana ce.

Mama Talatu tana suyar doya na sauke mata tukunyar a gabanta. Ta kwance buhun, ta shafa bakin tukunyar har yatsanta ya sami wani ɗan tabo da ta sani.

"Ta ci?"

"Ta ci, Mama. Ta ce gishiri ya yi yawa."

"Bakinta bai mutu ba ke nan. Ina murfin?"

Na shiga tuno kowace mota da na hau, ko na bar shi a wani wuri, ko ma an ba ni shi tun farko. Na fara ba da haƙuri, sai ta fashe da dariya har tarin ya taso mata.

"Ɗan boko, zauna. Ba ka yar ba. Ta riƙe murfin, za ta kawo da kanta."

Da Kirsimetin shekarar Asabe ta sauka a Barade da murfi a cikin kayanta. Shinkafar da aka kawo mana a tukunyar aka dafa ta. Mama Talatu ta ga wasu Kirsimetin bayan wannan, ba da yawa ba, amma ƙanwarta tana gefenta a na ƙarshe.

Ni kuma aiki ya fito, aure ya biyo, yara suka zo. Baɗin da na ce ba ta zo ba. Sau ɗaya ofis ya tura ni Legas, taro ya cinye kwanakin, a hanyar komawa na hango ruwa daga kan gada na ce alhamdulillahi, direba ya ce wannan ba teku ba ne, tekun yana can gaba. Yanzu ga gwiwa, ga maganin hawan jini safe da yamma. Ba na cewa na yi nadama. Amma ƙarya ne in ce ba ya ci mini rai, musamman in autana ya turo mini hoton ƙafafunsa a cikin kumfar ruwa.

Shi tafiyarsa dabam ce. Tun yana falo yake kama gado a waya, ya ga hoton ɗakin, ya karanta abin da waɗanda suka kwana suka ce. In ya isa wani lokaci ba ma mutum a ƙofa, lambobi zai danna ta buɗe. Ya ce a firjin masaukin kowa yana rubuta sunansa a jikin abincinsa. Ba wanda ya taɓa fitar masa da jaka baranda, na yarda, kuma ya ga abubuwan da ni a takarda kawai na sani. Amma bara zazzaɓi ya kwantar da shi a Kwatano, a ɗaki cike da mutane, ba wanda ya san sunan ubansa balle ya dafa masa ruwan zafi. Ta waya muka gan shi yana rawar sanyi, uwarsa tana kuka a nan Jalingo, ba abin da za mu iya. Da na tuna masa wannan sai ya ce, "Baba, ka san mutum nawa ke kurkuku saboda an ba su ƙunshi sun ɗauka ba su san me ke ciki ba?" Gaskiyarsa ne. Wannan ne ma ya fi ba ni haushi. Ban san lokacin da ƙunshin maƙwabci ya zama abin tsoro ba, ba wanda ya yi shawara da mu, mun dai farka mun tarar haka.

Duk da haka na aika Lau aka sayo mini banda mai kyau. Takardar siminti ta yi wuyar samu, amma na samu, na naɗe da kaina na ɗaure. Ranar tafiyar na fito da shi na ce ya buɗe ya duba, kifi ne kawai, ubansa ne ya ɗaure, tun da zai bi ta Ngaundare. Bai yi musu ba, yaron kirki ne. Ya karɓa da hannu biyu, ya shinshina, ya yi murmushi, har ya fara zuge jakar. Sai ya ɗago.

"To Baba, wa zan kai wa?"

Asabe ta rasu, mijinta ya riga ta. 'Ya'yansu an ce wasu suna Yawunde, wasu ba a san inda suke ba, jikokin Mama Talatu da ke bayan katangarmu ko sunayensu ba su riƙe ba. Na tsaya ina laluben suna ɗaya a duk faɗin Kamaru, ya jira ni da jaka a buɗe, mai keke yana ta hon a waje.

Na karɓi ƙunshin na raka shi bakin titi. Ba wanda ya leƙo daga maƙwabta, don ba wanda ya san zai yi tafiya. Da na dawo uwarsa ta ce in kawo ta sa a miya, na ce ta bari tukuna. Rana ta fito, sai na kwance shi na shanya a tsakar gida, na jawo kujera na zauna kusa, saboda kyanwa.